Na Kai Littafi Na Bakwai, In Ci Gaba Ko In Sauka?

Ana tsakiyar zafin watan Afrilu, irin zafin nan na Garwa da ke hana mutum barcin rana, ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Marwa ya turo mini saƙon murya. Ya ce, "Kawu, littafin yaƙin nan da nake ba ka labari na kai na bakwai, amma wallahi tun daga na biyar nake jan ƙafa. In na bari, ina ganin na yi asarar duk abin da na karanta. In na ci gaba kuma, ji nake kamar aiki aka sa ni. Yaya zan yi? In kuma barin ne ya fi, me zan kama a madadinsa?"

Wani zai ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, littafin aljanu da matsafa ne kawai, a ajiye mana. Ni ban ɗauke ta ƙaramar tambaya ba. Mu Hausawan wannan ɓangare na arewacin Kamaru makaranta da Faransanci ta koyar da mu, kasuwa kuma Fillanci ta fi ji, a can Kuseri da Njamena Larabcin Cadi ne a bakin kowa. Da yawanmu ba a aji muka koyi karanta Hausar boko ba, a cikin irin waɗannan littattafai muka koya, waɗanda 'yan kasuwa ke shigo da su daga Kano ta hanyar Yola ko Mubi, a yi ta aronsu gida-gida har bangon ya yage. Saboda haka yaron da ya ce yana jin nauyin barin littafi, na san nauyin da yake faɗi. Kamar rabuwa ce da malamin da ya koya maka baƙi.

Abu na farko da na ce masa shi ne ya cire maganar asara daga lissafi. Kuɗin data da ya kashe da dararen da ya raba yana karatu sun riga sun tafi, ko ya ci gaba ko ya tsaya ba za su dawo ba. Kuma ba a banza suka tafi ba, ai ya ji daɗin littafi na ɗaya zuwa na huɗu a lokacin da yake karanta su, wannan daɗin ya riga ya zama nasa. Mutumin da ya hau motar da ya gane ba inda za shi ta nufa ba, ba ya cewa tunda na biya kuɗin mota bari in zauna har ƙarshe. Abin da ya rage a auna shi ne dararen da ke gaba.

Amma kafin a auna, sai an san wane irin dogon labari ne ke hannu, domin iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne ke sa mutane wahalar da kansu.

Akwai labarin da aka gina shi kamar tafiyar ayari, zango-zango. Kowane zango da nasa farko da nasa ƙarshe. Dare Dubu da Ɗaya haka yake: Shaharzad tana jan labari ne don ta tsira da ranta, tana yanke shi da asuba a daidai inda sarki ba zai iya haƙura ba, amma duk labarin da ta ɗauko sai ta kai shi gida. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939, shi ma haka ne. A na farko aku yana ba Musa ɗan sarki labarai don ya hana shi fita daga fada ya faɗa tarkon Waziri, kuma kowane labari cikakke ne a kan kansa. Wanda ya karanta na ɗaya ya tsaya bai bar komai a rataye ba. Yawancin littattafan yaƙin da ake sayarwa kashi-kashi, idan ka duba da kyau, wannan ginin ne da su ko da marubucin bai faɗa ba: jarumi ya ci birni, ya kashe boka, ya kuɓutar da gimbiya, sai a buɗe masa wani birnin da wani bokan. A irin wannan kana da ikon sauka a duk zangon da ka ga dama, ba wanda ya ci bashin wani.

Na biyun shi ne labarin da aka gina kamar ɗaki, wanda sai an ɗora rufi yake zama ɗaki. Tun a shafukan farko marubuci ya ɗauki alkawari ɗaya babba, duk abin da ya biyo baya hanya ce ta cika shi. Labarin zoben nan na marubucin Ingila Tolkien, The Lord of the Rings, da ya fito a 1954 da 1955 misali ne: shi marubucin littafi guda ya rubuta, masu ɗab'i ne suka raba shi uku. Wanda ya tsaya a tsakiyar irin wannan ya tsaya ne a ɗakin da babu rufi, kuma a nan kaɗai nake ganin haƙuri yana da riba. Tsakiyar irin wannan labari kusan kullum ita ce mafi nauyi, saboda mamakin sabuwar duniya ya wuce, ƙarshe kuma bai iso ba, marubuci yana ta jera tubali. Gajiya a wannan wuri ba lalle ne ta zama shaidar lalacewar littafi ba.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman, mu masu karatu da Faransanci. Masu ɗab'in Faransa suna da al'adar yanyanka littafi ɗaya na Turanci ya zama biyu ko uku ko huɗu. Littattafai biyar na George R. R. Martin, da aka fassara su da sunan Le Trône de fer, sai da suka koma goma sha biyar a bugun farko na Faransanci, daga baya aka sake haɗe su biyar kamar yadda suke a asali. Na sha jin matasa a nan suna cewa kashi kaza ba komai a cikinsa, ba a fara ba, ba a gama ba. Gaskiya suka faɗa, amma ba laifin marubucin ba ne, gutsuren littafi aka sayar musu. Duk wanda ke karanta fassara ya fara bincika ko abin da ke hannunsa cikakken littafi ne kafin ya yanke masa hukunci.

To, idan an gane irin ginin, yaya za a san ko labarin yana da sauran rai? Ni ma'aunina guda ne, kuma shi na fi daɗewa ina bayyana wa yaron nan. Labarin almara yana da 'yancin da sauran labarai ba su da shi: doki ya yi fiffike, madubi ya yi magana, aljani ya ɗauki birni a tafin hannu, duk mun yarda. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne marubuci ya kafa doka da bakinsa sannan ya taka ta don ya fitar da kansa daga ƙunci. Idan a littafi na biyu an gaya mana takobin nan ba ya cin wanda ya sha ruwan wata rijiya, to a na shida kada ya ci shi sai da dalilin da aka shuka tun da wuri. Idan an ce duk wanda ya kira maridi sai ya biya da shekara goma na rayuwarsa, muna so mu ga furfurar. Ranar da ƙarfin jarumi ya daina cin masa komai, ranar tsoro ya fita daga labarin. Kana karanta yaƙin dakaru dubu ɗari amma zuciyarka ba ta bugawa, domin ka san ko an sare shi gida bakwai wani tsoho zai ɓullo daga kogo da maganin da ba a taɓa ambata ba.

Alamar wannan ciwo a bayyane take: adadi yana ta hawa, ma'ana tana ta sauka. Dodon littafi na ɗaya kai ɗaya gare shi kuma ya hana ka barci. Na littafi na bakwai kai dubu gare shi, kana karantawa kana hamma. Marubucin da dabara ta ƙare masa girman abokin gaba yake ƙarawa, saboda ya kasa ƙara zurfin jaruminsa. Ka tambayi kanka, jarumin nan na littafi na bakwai ya bambanta da na littafi na ɗaya? Ya rasa wani abu da ba zai dawo ba? Ya taɓa yin kuskuren da ya bi shi? Idan amsar a'a ce, ba tafiya kake yi ba, kewaya gida ɗaya ake yi da kai.

A nan akwai maganar da nake so in faɗa da natsuwa, don ta shafi abin da muke girmamawa. Littattafan yaƙi da yawa suna ƙarewa ne da jarumi Musulmi ya rinjayi matsafa da addu'a, tsafi ya karye, birni ya musulunta. Ba ni da ja a kan wannan, ina ma jin daɗinsa idan an yi shi da kyau, kuma shi ya sa iyaye da yawa suke barin littattafan su shigo gida. Abin da ke damuna shi ne marubucin da ya mai da addu'a ƙofar gudu: duk inda labari ya cije masa, sai jarumi ya buɗe baki, layi biyu an gama. Mu da muka tashi da ƙissar Annabi Yusuf da ta Annabi Ayuba mun san cewa taimakon Allah yana zuwa ne bayan rijiya da kurkuku da doguwar jinya. Labarin da ya cire haƙuri da jarrabawa ya bar nasara kaɗai ya rage wa abin daraja, kuma ya koya wa yaro mai karatu abin da rayuwa za ta ƙaryata masa.

Me ya sa labarai ke miƙewa haka har su sane? Ba sai an zargi kowa da mugunta ba. Marubucin da ke sayar da littafi kashi-kashi, ko a takarda ko a rukunin WhatsApp inda ake ba da shafukan farko kyauta sannan a biya kuɗin sauran, cinsa da shansa suna rataye ne a kan "mu haɗu a littafi na gaba". Ranar da ya rufe labarin sai ya sake neman masu karatu daga tushe. Ga kuma masu karatun kansu da ke roƙon kada a kashe wane, a ƙara wa wance fitowa. Mu na wannan gefen iyaka har da ƙarin wahala muke biya, don kuɗin naira ake nema, sai ka sami ɗan'uwa a Yola ko wani ɗan canji ya tura maka. Ina tausaya wa marubutan, na san ba arziki suke yi ba. Amma tausayi ba ya wajabta wa mai karatu ya bi labarin da mai shi ma bai san inda zai sauke shi ba.

Wannan ya kawo tambayar da ya kamata a yi tun kafin a fara: an gama rubuta shi kuwa? Ba a gida kaɗai ake wannan ciwon ba. Robert Jordan ya fara fitar da jerin littattafansa a 1990, ya rasu a 2007 bai kammala ba, sai Brandon Sanderson ne ya rubuta ukun ƙarshe daga bayanan da ya bari, na goma sha huɗu ya fito a 2013. Waɗannan sun yi sa'a. Masu bin Martin kuwa, littafi na biyar ya fito a 2011, suka shafe fiye da shekara goma suna jiran na shida. Idan labari mai ginin ɗaki ne kuma ba a gama shi ba, shawarata a dakata a inda aka sami numfashi, a koma idan rufin ya hau.

Akwai kuma yiwuwar laifin ba na littafin ba ne sam. Mutum yana canzawa. Yaron da ya fara jerin yana aji uku a lise, wato sakandare, ba shi ne wanda ke jami'a yanzu ba. Wani lokaci kuma gajiya ce kawai, ta jarrabawa, ko ta zafi, ko ta karatu a fuskar waya cikin duhu an ɗauke wuta. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ita na ba shi: ka koma littafi na ɗaya, ka buɗe wurin da ya fi burge ka, ka sake karantawa. Idan har yanzu ya kama ka, to kai kana nan yadda kake, labarin ne ya zube a hanya. Idan shi ma ya yi maka lami, to kai ne ka wuce wurin, ba kuwa abin kunya a ciki. Sannan tsakanin ci gaba da bari akwai tsaka-tsaki: ka saurari sauran a YouTube inda ake karanta littattafan Hausa da murya kana wani aikin, ko ka sami wanda ya gama ya ba ka labarin ƙarshen a zaune a majalisa. Tatsuniya ma ai da baki muka gaje ta.

Sai rabi na biyu na tambayarsa, me zai kama. Kuskuren da ake yi shi ne a ce "ba ni mai kama da wancan", sai a miƙo maka wani mai takobi da aljani a bango, ka karanta ka ji ba shi ba ne. Kamar ta bango ba ta isa ba. Sai ka fara gano abin da ya riƙe ka a wancan ɗin, domin mutum biyar za su so littafi ɗaya saboda dalili biyar.

Idan tafiyar ce ta riƙe ka, mutum ya bar gida neman abin da ba a san inda yake ba, to koma tushe. Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 da aka shirya a Zariya, ƙaramin littafi ne da za ka gama a kwana biyu, amma jaruminsa Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki ya kuma wanke mijin uwarsa daga wulaƙanci, ya je, ya dawo, labari ya rufe. Wanda ya gaji da jerin da ba ya ƙarewa, babu maganin da ya kai ya ɗanɗana labarin da ya san bakinsa. Idan kuwa karon mazaje ne da kirari, Ganɗoki na Bello Kagara daga wannan gasar ya fito, ya fara da yaƙi da Turawa ya zarce ƙasashen aljanu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa yana nan, yaron da ya tashi ba ya iya tafiya ya zama sadauki. Mai son a fita duniyar nan baki ɗaya ya nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda aka ɗauki yaro aka yi sama da shi.

Mu kuma muna da wata dama da ɗan Kano ba lalle ya samu ba, harsuna uku ko huɗu a baki ɗaya. Wanda abin da ya fi so shi ne asiri da alamu, labarin da kowane abu a cikinsa yana nufin wani abu, ya nemi Kaidara da Amadou Hampâté Bâ na Mali ya rubuta daga bakin Fulani. Abokai uku ne suka shiga ƙarƙashin ƙasa, suka yi ta gamuwa da abubuwan da ba su gane ba, aka ba su zinariya, sai wanda ya kashe tasa wajen neman sanin ma'anar abin da ya gani ne ya koma gida. Ana samunsa da Faransanci, kuma duk wanda ya tashi cikin Fulanin Garwa ko Ngaundare zai ji ƙamshin gida a ciki. Mai karanta Larabci, musamman 'yan'uwanmu na Cadi, yana da taskar da ta girmi duk littattafan yaƙin zamani: sirar Antar, da ta Saifu bin Zi Yazan mai 'yar'uwa aljana, da ta Banu Hilal, wadda Larabawan Shuwa na yankin Tafkin Cadi suke da nasu zubin na labarin Abu Zaid. Mai son sabon rubutu kuma wanda aka riga aka gama, akwai littattafai uku na S. A. Chakraborty da suka fito daga 2017 zuwa 2020, labarin wata yarinya a Alƙahira da ta kira aljani ba da niyya ba, an kuma fassara su da Faransanci. Na manya ne, ba zan miƙa wa ɗan firamare ba.

Abin da ke ci mini rai, tunda magana ta zo nan, shi ne labarin Sao. Ga mutanen da ake cewa ƙatti ne, waɗanda suka zauna kudu da Tafkin Cadi, 'yan ƙabilar Kotoko suna cewa kakanninsu ne, gumakansu na yumɓu da manyan tulunansu suna nan a gidan tarihi, har a ƙauyen Gawi kusa da Njamena. Ga duwatsun Kapsiki da ke tsaye kamar an dasa su da hannu. Duk wannan a ƙofar gidanmu, amma littattafan yaƙin da muke karantawa kusan kullum a wani birnin Misra ko Sin ko Hindu na mafarki ake kafa su. Ina jiran ranar da wani ɗanmu zai zauna ya gina dogon labari da Hausa a kan wannan ƙasa, na kuma gaya wa yaron nan haka.

Wajen neman shawara, kada ka tambayi mutum wane littafi ne mai daɗi. Tambaye shi wane wuri ne a ciki ya kasa mantawa. Daga amsar za ka gane ko bakinku ɗaya. Masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin kasuwa da masu kula da ɗakin karatu, irin na cibiyar al'adu ta Alliyans a nan Garwa, sukan san abin da ake dawowa nema da abin da ake mayarwa ba a gama ba, kuma wannan sani ne da ba a rubuta shi a bangon littafi.

Bayan kwana huɗu ya sake turo saƙo. Ya ce, "Kawu, na koma na ɗaya kamar yadda ka ce, yana nan da daɗinsa. Amma na gano wani abu. Ashe ba jarumin nake bi ba, abokin tafiyarsa ne, wani matsoraci mai wayo da ke ba ni dariya. Tun a na biyar marubucin ya manta da shi, bai kashe shi ba, bai ce ga inda ya tafi ba." Na ce masa to ya ajiye na bakwai a inda yake. Washegari na ɗauko tsohon kwafina na Ruwan Bagaja, na naɗe a leda, na kai tasha na ba direban motar Marwa, na rubuta masa a takarda cewa ya karanta har ya gamu da Malam Zurƙe sannan ya kira ni.